CIWON DA BA A GANI DA IDO: KIRA GA IYAYE KAFIN RANAR ZAƁE

Kai mai karanta wannan takarda, don Allah ka ɗaga murya, kuma ka bi ta sannu-sannu, don na bakin zaure su ji, matan da ke bayan danga su ma su ji, domin maganar tasu ce tun kafin ta zama ta kowa.

Ɗan'uwana talaka, an zo maka da maganar taki, an zo da maganar hanya da rijiyar burtsatse, kuma duk maganganu ne na gaskiya. Ni yau wata na kawo, wadda ba a yin ta a dandali saboda kunya. Maganar yaron nan ce da ke gidanka ko gidan maƙwabcinka, wanda in an zo zancensa sai a yi ƙasa da murya a ce, “Ai ba shi da lafiya.” Yaron da ya daina magana. Yarinyar da ke faɗuwa tana kumfa, har an cire ta daga makaranta. Matashin da aka sa wa mari a ƙafa aka kulle a ɗakin baya. Kowane ƙauye akwai su, ka sani na sani, sai masu neman ƙuri'a ne kawai suke yin kamar ba su sani ba.

Shekara biyar na yi ina koyarwa a firamare ta ƙauye kafin in ajiye alli in kama aikin jam'iyya. A ajina na biyar akwai wani yaro, ba zan kama sunansa ba don mahaifiyarsa tana nan da rai. A lissafi ba mai kamo shi. Wani dare da damina 'yan bindiga suka shiga garinsu, aka harbe mahaifinsa a ƙofar gida, shi yana ɓoye a ƙarƙashin rumbu yana kallo. Bayan sadakar arba'in ya dawo makaranta, amma kamar an musanya shi. Sai ya kafa wa allo ido har a tashi, ko alƙalami bai ɗauka ba. In babur ya wuce a guje sai ka same shi ƙarƙashin benci, jikinsa na rawa. Uwarsa ta gaya mini ya koma fitsarin kwance, yaro ɗan shekara 11, kuma cikin dare ihu yake yi.

Me na yi masa? Zan faɗa ko da yake da nauyi a bakina. Na zane shi, har sau biyu. Na ce lalaci ya koya. A kwalejin horon malamai an koya mini yadda ake tsara darasi da yadda ake cika rajista, amma ba wanda ya taɓa ce mini firgita ciwo ce, tana da suna a wurin likitoci, kuma tana da magani.

Uwar ta kai shi ɗakin shan magani na gunduma. Malamin asibitin mutumin kirki ne, na san shi, shi kaɗai ne a wurin sai ungozoma guda. Ya auna zafin jikinsa, ya soki yatsa ya duba zazzaɓin cizon sauro, babu komai. Ya ba shi farasitamol da maganin ƙarin jini. Suka koma, ya sake ba su irinsa. A zuwa na uku ya ce, “Inna, wannan ya fi ƙarfina, sai birni.” Kafin nan akuyarta guda ɗaya ta riga ta tafi wurin wani boka da ya ce jifa aka yi wa yaron. Ta lissafa kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, da na kati, da na kwana, sai ta koma gida ta zauna. Bara na gamu da shi a tashar mota yana dako, da tsumman sholisho a hannu. Ya gane ni, ya ɓoye hannun a baya, ya rusuna ya ce, “Malam, ina wuni.”

Tun daga ranar nake tambayar kaina, laifin wa? Na ɗauki rabona. Malamin asibiti kuwa ba zan ɗora masa ba, domin abin da aka koya masa shi ya yi. Babban kaso yana kan waɗanda muka yi ta zaɓa shekara da shekaru, suka bar asibitin talaka ba ilimin wannan ciwo, ba maganinsa.

LISSAFIN DA BA SA SO KA JI

Nijeriya tana da mutum fiye da miliyan 200. Likitocin da suka ƙware a kan ciwon ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar ba su kai 300 ba. Ƙananan hukumomi kuwa 774 ne. Ke nan ko da za a raba su ɗai-ɗai kamar goro, fiye da rabin ƙananan hukumomi ba za su samu ko ɗaya ba. To ba ma a raba su haka ba, suna Ikko da Ibadan da Abuja da sauran manyan birane, wasu kuma kowace shekara suna tattara kayansu su tafi Ingila ko Saudiyya. Waɗanda suka karanci ƙwaƙwalwar yara musamman, su kam ɗan ƙalilan ne a cikin wannan ɗan ƙalilan. A nan Arewa, in aka ce asibitin ƙwaƙwalwa, sai ka ji Barnawa a Kaduna, ko Kware kusa da Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ko Maiduguri. Kai ka san nisan ƙauyenku da waɗannan wurare, ka kuma san kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Yanzu ka ji yawan masu bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara da matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wani ciwo na ƙwaƙwalwa ko na zuciya. Ta kuma ce kusan rabin irin waɗannan cututtuka kafin shekara 14 suke somawa. Ajin da na koyar yara 70 ne da 'yan kai. Yi lissafi da kanka. Wannan kuwa ƙiyasin duniya ne gaba ɗaya, har da ƙasashen da yaro bai taɓa jin ƙarar bindiga ba.

Mu kuwa me 'ya'yanmu suka gani? An kwashe 'yan mata 276 a Chibok a 2014. An kwashe 110 a Dapchi a 2018. An kwashe yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, sai 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, sai Kuriga a 2024. Waɗannan su ne duniya ta ji. Na ƙauyukan da ba rediyon da ya ambata ba su ƙirguwa. In Allah ya sa an sako su, sai a ɗinka musu sababbin kaya, a ɗauki hoto da manya, a sa su a mota a mayar wa iyaye. Bayan wata uku, in yarinya ta fara zabura cikin barci tana kiran sunan ƙawarta, wa uwar za ta nufa? Ƙara da yaran da sanƙarau ya taɓa, da waɗanda zazzaɓi ya hau musu ka, da na Zamfara da gubar dalma ta shiga jininsu a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka mutu a yankin Anka da Bukkuyum, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu.

In ƙofar asibiti ta rufe, iyaye wata ƙofar za su nema. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A watan da ya biyo aka buɗe irinsa a Daura. Manyan birni suka yi ta Allah wadai a rediyo, suna cewa iyayen nan ba su da imani. Haba jama'a! Uban da ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗi don a gyara masa ɗa, shi ne marar imani? Ya je inda aka ce masa akwai taimako ne. An rufe gidajen, kuma daidai ne a rufe su, domin sarƙa ba ta taɓa warkar da kowa ba. Amma wace ƙofa aka buɗe wa uban nan a madadinsu?

MAGANIN YANA KUSA, AN ƘI ƊAUKA NE

Ba za mu yaudare ka mu ce za mu kawo ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa kowane ƙauye ba. Kafin a yaye guda ɗaya sai ya yi shekara shida a jami'a, ya ƙara wasu shekarun na ƙwarewa. Duk wanda ya yi maka wannan alkawari, riƙe aljihunka.

Hanyar da ke akwai ita ce a koya wa wanda ya riga ya ke kusa da kai. A ƙasashen Turawa da yawa akwai likitan iyali, wanda ake fara zuwa wurinsa kafin a wuce ga ƙwararre. Mu namu likitan iyalin shi ne malamin asibitin gunduma, da nas, da ungozoma, da likitan nan na babban asibitin ƙaramar hukuma mai duba kowa da kowa. Su ne suka yi wa yaron allurar rigakafi, su suka san uwarsa tun tana zuwa awo. Su ya kamata a horar su gane ciwon tun yana ɗanye.

Ba ni na ƙago wannan dabara ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wani shiri mai suna mhGAP, a 2010 ta fitar da littafin jagora don ma'aikacin lafiya wanda ba ƙwararre ba. A ciki an shimfiɗa masa daki-daki: tambayoyin da zai yi wa uwa, alamun da zai duba, abin da zai iya yi da kansa, da lokacin da dole ya tura gaba. Akwai babin farfaɗiya, akwai na ciwon damuwa, da na shaye-shaye, da na masu yunƙurin kashe kansu, da na yara da matasa. Horon farko 'yan kwanaki ne, sai a riƙa zuwa duba shi a wurin aikinsa. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gwada shi a ƙananan asibitocin Jihar Osun, aka ga ma'aikatan sun iya gane masu ciwon suna kula da su. A Borno ma, bayan ɓarnar Boko Haram, ma'aikatan asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri sun riƙa fita ƙananan asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira da taimakon wannan hukuma. Abin da ya yiwu a Borno ana tsakiyar yaƙi, me zai hana shi yiwuwa a gundumarku?

Kuma tun kafin Turawa su rubuta littafin, ɗan ƙasar nan ya nuna musu hanya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da masu ciwon ƙwaƙwalwa a gidajen mutanen ƙauye da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana su kwana cikin jama'a. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, har ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, gwamnati ta rubuta a 1991 cewa lafiyar ƙwaƙwalwa tana cikin aikin ƙananan asibitoci. An rubuta wannan tun ba a haife ni ba. Yau ka shiga asibitin gundumarku ka tambayi maganin farfaɗiya ka ji amsar da za a ba ka.

Bari in tsaya a kan farfaɗiya, don ita ta fi cin 'ya'yanmu mata. Ke uwa, ki saurara. Farfaɗiya ciwo ce ta ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya. In ta tashi wa yaro, ki janye shi daga wuta da bakin rijiya, ki kwantar da shi a gefensa, ki sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo yana cikin wannan hali. Likitoci sun tabbatar cewa cikin masu farfaɗiya goma, kusan bakwai za su iya daina faɗuwa in suna shan magani kullum ba fashi, kuma wasu magungunan nata suna cikin masu araha. Amma don ba wanda ya gaya mana, sai a cire yarinya daga makaranta, a ware mata kofi, in ta isa aure manema su gudu, wata kuma ta faɗa murhu tana girki ta ƙone. Duk a kan ƙwayar da kuɗinta bai kai na man da ake zuba wa jerin motocin mai girma a fita ɗaya ba.

ABIN DA ZA SU CE MAKA

Za su ce, ana fama da yunwa da 'yan bindiga, wa ke ta lafiyar ƙwaƙwalwa? Ka tambaye su, yaron da ya ga an kashe ubansa, aka bar shi da abin a ransa, ya bar makaranta ya kama ƙwaya, ina zai ƙare in ya kai shekara 18? Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnati a 2018 ya gano 'yan Nijeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin. An hana kwalba, ba a tambayi abin da ya kai yaron ga kwalbar ba. Kuma mun san su wa ke saya wa irin waɗannan yara ƙwaya lokacin zaɓe, su ba su gora da adda su sa su a bayan a-kori-kura.

Wasu za su ce wannan aikin iska ne, sai addu'a. Ba mu hana kowa addu'a ba, mu ma da ita muke kwana muke tashi. Malamanmu na gaskiya sun koya mana cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. In yaronka ya karye, kana yi masa addu'a kana kuma kai shi wurin maɗori. Abin da muka ƙi shi ne duka da sarƙa da hayaƙin barkono, da mai karɓe akuyar gwauruwa ya ce mata kishiya ce ta yi jifa.

Akwai kuma masu ilimin boko da za su ce malamin asibiti ba likita ba ne, za a ba shi dama ya riƙa ɗura wa yara ƙwayoyi masu ƙarfi. Wannan tsoro yana da tushe, ban raina shi ba. Amma littafin da na ambata ya yi masa shinge. Ya hana a ba yaron da bai kai shekara 12 ba ƙwayar ciwon damuwa. Yawancin abin da ya umarta ga yara zama ne da iyaye, a nuna musu yadda za su bi da yaron ba duka, a duba ko ana cutar da shi a gida ko a makaranta, a yi magana da malaminsa, a sa ranar dawowa. Da malamin asibitin nan ya sami wannan horo, da ya tambayi uwar me ya faru kafin yaron ya canza, da ya aiko mini da 'yar takarda, da ban ɗauki bulala ba. Sharaɗin dai shi ne horon ya kasance da mai bibiya. Irin horon da muka saba gani, a tara mutane a otal kwana biyu, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi alawus, wannan cin kuɗi ne kawai.

Sai babbar waƙarsu, babu kuɗi. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. A garinmu aka sa hannu, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cikawa ba, yawanci tsakanin kashi 4 da 6 take tsayawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman don ƙananan asibitoci, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, a cikinsa kashi 20 na magunguna ne, kashi 10 na raya ma'aikata. Ashe akwai aljihun da aka ɗinka don wannan aiki. A 2023 kuma jaridu suka ruwaito za a saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci, kowace kimanin naira miliyan 160, su kuwa 469 ne. Ranar ba wanda ya ce babu kuɗi.

Doka ma akwai. Daga 1958 ƙasar nan tana aiki da dokar mahaukata ta zamanin mulkin mallaka, wadda asalinta na 1916 ne, ita kuwa tsare mutum ta sani. Sai a Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mai ciwon haƙƙinsa na ɗan Adam. Shekara 65 ana jira. Ƙananan asibitoci kuwa a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke, saboda haka in ɗan majalisar jiharku ya zo neman ƙuri'a, ka tambaye shi me ya yi don dokar nan ta iso gundumarku. Ka lura da fuskarsa, za ka gane ko ya taɓa jin labarinta.

Jam'iyyarmu ta ɗauki alkawari, kuma ga shi a rubuce don ka riƙe mu da shi. In kun ba mu ƙuri'a, a kowace gunduma za a horar da aƙalla ma'aikacin lafiya guda a kan ciwon ƙwaƙwalwar yara, a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma kuma a horar da likita guda wanda za a riƙa tura wa waɗanda suka gagara. Ƙwararru daga birni za su riƙa zagayowa wata-wata suna duba aikinsu, mu za mu biya kuɗin mota. Maganin farfaɗiya zai shiga jerin magungunan da ba a yarda su yanke ba a ɗakin shan magani, kuma kyauta ga yara. Malaman firamare da na allo da na Islamiyya za a koya musu alamun, don su ne ke wuni da yaran. Duk garin da aka kai wa hari, bayan an binne mamata an yi jaje, ma'aikacin lafiya zai koma ya zauna da yaran garin. Za a liƙa sunan wanda aka horar a ƙofar asibiti, in shekara ta zagayo ba ka ga suna ba, ka zo ofishinmu da wannan takarda a hannunka.

Nan da 'yan kwanaki za su zo da atamfa da sabulu da taliya. Ke Inna, in sun miƙo miki, ki tambaye su wa zai duba jikanki mai faɗuwa. Kai Baba, ka ajiye katin zaɓenka inda ruwa ba zai taɓa shi ba, kada ka ba kowa ya rubuta lambarsa. Ranar zaɓe a fito da sassafe, maza da mata, a dangwala wa jam'iyyarmu, a tsaya a rumfa har a ƙirga a gabanku.

In kuma akwai yaro a ɗaure a gidanka yanzu haka, kada ka jira zaɓe. Ka sami wakilinmu na gunduma ranar kasuwa, ka gaya masa a asirce, za mu haɗa kuɗin mota mu raka ku asibiti.